Wata 14 kafin faretin farko: yadda na shiga sojan ko-ta-kwana a Amurka

Tun da 'yan'uwa suka fara ganina da kaki, da wuya mako ya wuce wani bai kira ni ba, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa: "Wai da gaske Asabar da Lahadi ɗaya ce kawai a wata?" Da gaske ne, haka ake tallarsa, ƙarshen mako ɗaya a wata da mako 2 a shekara. Sai dai ni na taka ƙafata ofishin ɗaukar kurata a watan Janairun 2023, ban ga wannan Asabar da Lahadin ba sai a watan Maris na 2024. Abin da ya faru a tsakani shi ne ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini, kuma shi nake son in warware a nan.

A lokacin shekarata 31, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, da na samu a 2021, ina tuƙa injin ɗaga kaya a wani babban sito, ga mata ga yara biyu. Ba zan yi ƙaryar cewa kishin tuta ne ya kai ni ba. Kuɗin inshorar lafiya ne ya sha mini kai, sannan na ji cewa soja yana iya neman zama ɗan ƙasa ba tare da jiran shekara 5 ba. Abin da ya fara rikita ni, sojan ƙasa na wucin gadi iri biyu ne. Akwai National Guard, waɗanda gwamnan jiha ma yana da iko a kansu, su ake fitarwa in an yi ambaliya ko tarzoma. Akwai kuma Army Reserve, na gwamnatin tarayya zalla, kuma mafi yawan aikinsu tallafi ne: sufuri, asibiti, gine-gine, rarraba kaya. Ofisoshinsu daban, masu ɗaukar mutanensu daban. Ni na biyun na zaɓa, saboda barikinsu bai fi tafiyar minti 40 daga gidana ba. Sharuɗɗan farko ba su da yawa: ka zama ɗan ƙasa ko mai girin kad, kana da shaidar gama sakandare, kuma a wancan lokacin iyakar shekaru 35 ce. Bizar karatu ko ta ziyara ba ta shigar da kowa, kada wani ya karɓi kuɗinka a kan haka.

Sajan da ya karɓe ni mutum ne mai fara'a, ya ba ni ruwa, ya tambayi tsawona da nauyina, ko ina da zane a jiki, ko 'yan sanda sun taɓa kama ni, ko ina shan wani magani. Na ce a'a, a'a, a'a. Riƙe wannan a'a ta ƙarshe, za mu dawo kanta. Sai ya rubuta mini takardun da zan kawo: girin kad, katin Social Security, lasin tuƙi, fasfo, takardar haihuwa, takardar aure, takardun haihuwar yara, da na makaranta. A nan na fara cin karo da tsohon ciwonmu. Sunana a fasfo da harafi ɗaya ya bambanta da na takardar digiri, a takardar haihuwa kuma sunan kakana ne a inda sauran suka sa na mahaifina. A gida wannan ba komai ba ne, kowa ya san kai ne. A nan kwamfuta mutum uku take gani. Sai da na je aka yi mini takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan nawa ne. Digirin kuma, tun da ba a Amurka na yi shi ba, sai da na aika wa wani kamfani mai auna takardun ƙasashen waje ya tabbatar daidai yake da nasu. Wannan ya ci mini kimanin dala 200 da mako 5 na jira. Na so in haƙura da shi, sajan ya ce kul, domin mai digiri da muƙamin E-4, wato mataki na huɗu, yake shiga, marar shi kuma daga ƙasa yake farawa. Wannan shawarar har gobe ina gode masa.

Sai jarrabawar shiga soja, wadda ake kira ASVAB. Na raina ta, na ce wanda ya gama jami'a me zai ji tsoro. Gwajin da na yi a ofis na ci 28, alhali mafi ƙarancin abin da ake karɓa 31 ne. Kunya ta rufe ni. Makin da ake dubawa daga ɓangarori 4 yake fitowa, biyu na lissafi, biyu na Turanci, kuma ba a shiga da kalkuleta. Lissafin ba mai zurfi ba ne, na 'yan sakandare ne, amma yaushe rabona da raba lamba da hannu? Ga shi komai da inci da fam da galan ake tambaya. Sannan akwai ɓangarorin da ba sa cikin wancan makin amma su ke buɗe ƙofar ayyuka, kamar sanin injin mota da lantarki. Na ari littafi a laburare, na yi mako 4 ina karatu bayan sallar isha'i, na je na ci 54. Wanda ya faɗi sai ya jira wata guda ya sake, in ya kuma faɗi wani wata guda, daga nan kuma sai bayan wata 6. Don haka kada ka bari a garzaya da kai kafin ka shirya.

A watan Maris aka kai ni cibiyar tantancewa, wadda suke kira MEPS. Akwai irinta 65 a faɗin ƙasar, kuma duk mai shiga soja, na ƙasa ko na ruwa ko na sama, ta nan yake bi. Tun jajibere aka sauke mu a otal, gwamnati ce ta biya ɗaki da abinci, aka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 18 da ya kwana yana latsa waya. Ƙarfe 4 na asuba aka tashe mu, kafin 6 muna kan layi a bakin ƙofa cikin sanyi. Daga nan sai ɗaki bayan ɗaki: ka hura iska a na'urar gwajin barasa, a auna jini, a ɗebi jini, gwajin ido da na launi, sai wani akwati da ake sa maka abin kunne kana danna maɓalli in ka ji ƙara. Fitsari kuma a gaban mutum ake yinsa, yana tsaye yana kallo. Wanda aka rena da kunya irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai da na sha ruwa kofi 6 na koma sau biyu. Bayan haka aka tara mu mu wajen 15, daga mu sai gajeren wando, aka ce mu tsuguna mu yi tafiyar agwagwa daga wannan bango zuwa wancan, mu juya wuyan hannu, mu tsaya da ƙafa ɗaya. Ni ne babba a ɗakin, gwiwata tana ƙara ƙas-ƙas, ina addu'a kada likita ya ji.

Ganin likita ke nan, mu biyu a ɗaki. Dattijo ne, ya haska fitila a bakina, ya ce in ce "aaa", ya ja baya, ya sake leƙawa. Ya ce ina belina, kuma me ya sa na rubuta ba a taɓa yi mini tiyata ba? Na yi shiru ina neman Turancin wanzami. Daga ƙarshe na ce a wurinmu mai aski ne yake cire shi jariri yana da 'yan kwanaki, babu asibiti, babu takarda. Ya dube ni ta saman tabarau. Da ya juya ni ya ga tabon ƙaho a jere a bayana, sai ya ajiye biro ya ce in ba shi labari tun daga farko. Ya saurara, ya rubuta, ya wuce, wannan bai hana komai ba. Abin da ya tsayar da ni daban ne. Tun 2022 suna amfani da wani tsari mai suna MHS Genesis, wanda yake jawo tarihin asibiti da na kantin magani na mutum. Ya juyo mini da kwamfutar, sai ga shi: a hunturuna na farko a ƙasar nan tari ya kama ni, na je wani ƙaramin asibiti, aka rubuta mini abin shaƙa irin na masu asma. Sau uku na shaƙa na jefa a durowa, na manta da shi sam. A dokarsu, alamar asma bayan shekara 13 tana hana shiga. Aka buga mini hatimin ban cancanta ba, sai in an yi mini sassauci. Na koma gida da azahar, ban ko iya cin abinci ba.

Wannan sassaucin shi ya cinye watanni 3 da rabi. Na koma asibitin na karɓo bayanin ranar da na je, na je kantin magani aka buga mini jerin duk abin da na taɓa karɓa, sannan aka tura ni gwajin huhu, inda za ka hura iska cikin bututu har idonka ya yi ja. Su suka biya kuɗin gwajin, ni kwana 3 na aiki na rasa. Daga nan sai jira. Duk Litinin in aika wa sajan saƙo, amsarsa ba ta canzawa: "Har yanzu yana sama." Azumi ya zo ya wuce, na cire rai, har na daina gudun safe. Ana saura kwana kaɗan babbar salla ya kira ni ya ce an amince.

A watan Yuli na koma cibiyar don zaɓen aiki. Za ka zauna gaban wani jami'i, ya duba makinka da sakamakon likita, ya nuna maka guraben da ke akwai. Abu biyu ne suka rage mini zaɓi. Na ɗaya, mai girin kad ba a ba shi izinin ganin bayanan sirri, don haka duk aikin leƙen asiri da mafi yawan na sadarwa a rufe suke, kuma galibi ba ya zama hafsa sai ya zama ɗan ƙasa. Na biyu, sojan ko-ta-kwana gurbi yake cikewa a wata runduna takamaimai, to sai abin da rundunonin kusa da kai suke nema. Aka nuna mini kuku, mai kula da sito, da direban manyan motoci, wanda lambarsa 88M. Na ɗauki tuƙi. Da aka buɗe kwantiragin na ga lamba 8, gabana ya faɗi. Duk wanda ya shiga sojan Amurka karo na farko, alƙawarin shekara 8 ya ɗauka. Nawa an raba shi: shekara 6 ina zuwa atisaye duk wata, shekara 2 sunana yana cikin jerin waɗanda za a iya kira in buƙata ta taso. Na ce a ba ni minti 10, na fita na kira maman yara. Ta ce, "Maigida, tun Janairu kake wahala. In zuciyarka ta kwanta, ka yi bismilla." Na sa hannu, aka shigar da mu wani ɗaki mai jan kafet da tutoci, muka ɗaga hannun dama muka yi rantsuwa. Abin bai fi minti 5 ba.

Hajiyarmu kuwa sai bayan rantsuwa na iya faɗa mata, ta waya. Ta yi salati, ta ce, "Ɗan nan, duk sana'ar duniya ka rasa sai ta bindiga?" Na ce Hajiya mota zan tuƙa, kuma sau ɗaya ne a wata. Ta ce, "In yaƙi ya tashi, motar a gida za ta zauna?" Ban da amsa, don gaskiya ta faɗa. Sojojin ko-ta-kwana da yawa sun je Iraƙi da Afganistan, kuma direbobi suna cikin waɗanda suka fi shiga hatsari a kan hanya.

Wurin aiki ya fi sauƙi. Akwai doka ta 1994 da ake kira USERRA, wadda ta wajabta wa mai kamfani ya mayar da kai bakin aikinka in ka dawo daga aikin soja, muddin ka sanar da shi tun da wuri. Amma dokar ba ta ce ya biya ka albashin lokacin da ba ka nan ba. Na kai musu kwafin takardar umarni, na riƙe nawa kwafin da sa hannun wanda ya karɓa.

Farkon Oktoba na tashi zuwa Fort Leonard Wood a jihar Missouri. A nan ne maganar wucin gadi take mutuwa, domin horon farko ɗaya ne da na sojan dindindin, bariki ɗaya, gado ɗaya, saje ɗaya yana yi muku tsawa, ba mai tambayar waye na Asabar da Lahadi. Kwanakin farko na karɓar baƙi ne: aski ƙwal, allurai, kaki, takalma, layi, layi, layi. Waɗannan kwanakin ba sa cikin lissafin mako 10 na horo. Aka karɓe waya, sai ɗan lokaci ranar Lahadi in an ga dama. Ba zan tsaya ba da labarin kowane mako ba. An shigar da mu ɗakin hayaƙi mai sa hawaye aka ce mu cire abin rufe fuska mu faɗi sunanmu. Ni majina ce ta amsa. A harbi dole ka sami 23 cikin 40, na sami 27. Gudun mil 2 ne ya fi ba ni wuya, a nan na biya bashin watannin da na daina gudun safe. Yaran suna kirana kaka, amma da dare ni suke zuwa wa da damuwarsu.

Maganar salla da abinci ita ce aka fi tambayata a ɓoye. Gemuna na aske kafin in tafi. Akwai hanyar neman izinin barinsa saboda addini, amma tun kafin tafiya ake nema, yana ɗaukar lokaci, kuma dokar tana sauyawa, sai mutum ya tambayi halin da ake ciki a ranar da ya je. A makon farko na nemi ganin limamin bariki, wanda Kirista ne, ya karɓe ni hannu biyu, ya samo mini dadduma, ya yi wa sajojinmu magana. Asuba nakan tashi minti 20 kafin kowa in yi a gefen kabad ɗina. Azahar da la'asar sau da yawa sai na haɗa su, wani lokacin sai dare nake ramawa, Allah ya yafe mana. A ɗakin cin abinci kana da 'yan mintuna ne kawai, ba lokacin tambayar me aka sa a miya, sai na koma ƙwai, kifi, shinkafa da wake da man gyaɗa. A daji kuma akwai abincin leda na halal, amma sai ka nema, ba ya zuwa da kansa.

Muka gama tsakiyar Disamba, aka sallame mu hutun ƙarshen shekara na kusan mako 2. Tikitin jirgi daga aljihunka, kuma a tsadar Kirsimeti. Nawa ya haura dala 400. Janairu na koma barikin don koyon tuƙin, kusan mako 7 cikin ƙanƙara, ana koya mana duba mota kafin a tayar, ja da baya da tirela, tafiya a jerin gwano. Duk tsawon horon albashin cikakken soja ake biya, har da kuɗin haya ga mai iyali. Sai dai na farko bai shigo ba sai da na yi kusan wata guda, kuma da ban bar wa maman yara kuɗin haya na wata 2 ba, da an ji kunya. Ƙarshen Fabrairu na dawo gida. Jimilla wata 5 ban kwana a ɗakina ba, sai a hutun nan.

Yanzu ga lissafin da kowa yake son ji. Asabar da Lahadi ana ƙirga su a matsayin atisaye 4, kowane ɗaya kuɗin kwana guda ne na albashin wata. A muƙamina, a 2024, ya kama dala 350 kafin a cire haraji da inshorar rai. Wanda yake samun aikin ƙarin lokaci ranar Asabar a sito ya san wannan ba riba ba ce. Ribar tana wajen inshorar lafiya, Tricare Reserve Select, wadda a shekarar ta kama dala 50 da 'yan kai ga mutum ɗaya, ta iyali kuma 250 da 'yan kai a wata, ƙasa da rabin abin da ake cire mini a da. Batun zama ɗan ƙasa kuma, akwai fom N-426 da babban hafsa yake sa wa hannu ya shaida kana aiki da mutunci, ka haɗa da N-400, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, kuma soja ba ya biyan kuɗin da ya haura dala 700 da sauran mutane suke biya. Ba wanda zai biyo ka da fom ɗin. Ni sai da na dawo runduna na nema, alhali wasu abokan horona tun muna bariki suka fara, suka riga ni da watanni.

Da zan koma Janairun 2023, kafin in taka ofishin nan zan je kowane asibiti da kantin magani da na taɓa shiga a ƙasar nan in karɓo bayanaina, in karanta da idona, in kai su da kaina. Mantuwa ce ta same ni, amma a takarda mantuwa da ɓoyewa kamarsu ɗaya, kuma duk wanda ya ce maka "kada ka ambata, ba za su gani ba", zamanin da ya sani ya wuce. Zan daidaita sunayena tun kafin a tambaya. Zan kuma je barikin rundunar da za a kai ni in ga mutanen, in auna nisan da motata, domin tafiyar da za ka yi ƙarfe 5 na asuba sau 70 da wani abu ba abin da za a zaɓa a kan allon kwamfuta ba ne. Duk alƙawarin da aka yi maka da baki, na garaɓasa ko na biyan kuɗin makaranta, ka nemi layin da aka rubuta shi a kwantiragi. In babu shi a rubuce, babu shi. Kuma shawarar ba taka kai kaɗai ba ce. Wata 5 ɗin nan ni an ciyar da ni an tufatar da ni, wadda ta kai yara makaranta cikin dusar ƙanƙara ta kwana da mai zazzaɓi ita kaɗai ita ce ta yi aikin.

Faretina na farko ya faɗo a makon farko na azumin 2024. Na yi sahur a mota, ƙarfe 7 muna tsaye a fili ana kiran suna. Rabin ranar a gaban kwamfuta muka yi ta, ana cike darussan dole, sauran rabin muna duba man motocin da ba inda za su. Na ce a raina, ashe wannan ce Asabar ɗin da na yi wata 14 ina bi. Ranar Lahadi da yamma, kafin a sallame mu, kwamanda ya ce kowa ya tabbatar wasiyyarsa da takardun iyalinsa suna nan daidai, domin rundunarmu tana cikin jerin waɗanda za a iya tura waje a shekara mai zuwa. Na sha ruwa da dabino 3 a gefen babbar hanya, na iso gida da kakina. Maman yara ta zuba mini abinci, na faɗa mata. Ba ta ce komai ba sai da na gama ci, sannan ta ɗauko kalandar da ke manne a jikin firij, ta miƙo mini biro, ta ce in nuna mata watan.